Rigar Aro a Walimar Sauka

Daga watan Rajab zuwa ƙarshen Sha'aban, da wuya Asabar ko Lahadi ta wuce ba a tare wani layi a Agege an kafa rumfuna don walimar saukar Alƙur'ani ba. Da yake mukan ja salla a masallacin layinmu idan liman ya yi tafiya, makarantun Islamiyya sukan aiko mana da kati mu je mu buɗe taro da addu'a. Bana mun halarci guda huɗu. Abin da muka gani a cikinsu muke son mu tattauna, kuma tun farko muna neman afuwar duk wanda maganar ta taɓa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu fara da abin yabo, don akwai shi. Karatun yaran, musamman ƴan mata, ya fi namu na da nesa ba kusa ba. Yarinya ƴar shekara goma sha biyu ta ɗauko Suratu Maryam da ka, tana ba kowane harafi haƙƙinsa, har dattawa suna share hawaye. A zamaninmu sai mutum ya yi gemu bai san mene ne idgami ba. Malaman da suka yi wannan aiki, Allah Ya saka musu da alheri.

To amma ku dubi taron da idon ɗan kasuwa. Yara sun shigo a jere, kowa da doguwar baƙar riga da hula mai kusurwa huɗu da ɗan igiya yana reto. Wannan tufar tsofaffin jami'o'in Turai ce irin su Oxford da Cambridge, kuma asalinta daga suturar malaman coci ta fito. A ƙarƙashinta samari sun sa farar jallabiya da jan rawanin mutanen Saudiyya. Iyaye mata sun yi anko, wanda muka koya wurin maƙwabtanmu Yarbawa, su suna ce masa aso-ebi. Ga kek an yanka, ga mai hoto, ga mai lasifika yana kiran sunan Alhazai ana liƙi. Allon zayyana da aka san mu da shi, wanda yaro kan riƙe ya karanta farkon Baƙara a gaban malaminsa, a wuri ɗaya kaɗai muka gan shi cikin huɗun nan, shi ma an jingine shi ne don a ɗauki hoto.

Kada wani ya ce mun ce haramun ne. Ba mu faɗa ba, kuma ba mu da ilimin da za mu faɗa. Aron abu mai amfani daga wasu mutane tsohon abu ne a Musulunci. Ramin da aka haƙa a yaƙin Handaƙ dabarar Farisawa ce da Salmanul Farisi ya kawo. Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa da umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tambayarmu ita ce, a cikin kayan mutanen duniya wanne muka ɗauko, wanne muka bari? Iyayenmu da suka zauna Agege saboda goro ba sa biyan kuɗin huhu sai sun buɗe sun ga abin da ke ciki. Mu a harkar karatu ganyen muka saya.

Ga dalilinmu. Bayan an tashi daga ɗaya daga cikin walimomin, mun kira yara uku cikin waɗanda suka sauke, muka ce su gaya mana da Hausa abin da Suratul Ma'un take cewa. Ɗaya ya yi shiru. Ɗaya ya fara da Hausa, ya sarƙe, ya ƙarasa da Turancin buroka. Na ukun ya ce ba a kai su fassara ba. Muka ba su takarda su rubuta wa kakarsu ta Arewa gaisuwa layi biyu, da boko ko da ajami, duk wanda suka iya, ba wanda ya kai ƙarshe. Da muka keɓe da malaminsu, bawan Allah mai mata da ƴaƴa, ya ce rabonsa da albashi cikakke wata uku ke nan, saboda iyaye ba sa biyan kuɗin wata. Iyayen nan kuwa su ne suka biya kuɗin anko da hayar riga da rumfa a cikin mako biyu, ba wanda ya ce babu.

Ba sai mun hau jirgi ba kafin mu ga yadda ake aron kirki. Markaz tana nan cikin Agege, kullum muna wucewa ta gabanta. Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya je Masar a 1946, ya ga yadda aka tsara karatu a Azhar, ya dawo ya buɗe makarantarsa a Abeokuta a 1952, daga baya ya dawo da ita nan. Abin da ya ɗauko shi ne aji-aji, da manhaja wadda malami da ɗalibi suka san farkonta da ƙarshenta, da jarrabawa, da takardar shaida. Har ya rasu a 1992 yana koyarwa yana rubuta littattafai da Larabci, kuma almajiransa sun bazu sun buɗe makarantu a ƙasar Yarbawa da ƙetare. Ita kanta Azhar ɗin, da ta haura shekara dubu, a 1961 ta buɗe ƙofa ga karatun likita da injiniya a gefen fiƙihu da tafsiri. Mu ma a Arewa an taɓa yin irin wannan: makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 da malamai daga Sudan aka fara ta, ita ce ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ta yaye alƙalai da malamai masu yawa. Su waɗannan mutane tsarin suka je suka ɗauko, tufafinsu kuwa na gida suka ci gaba da sawa.

Mu leƙa Ghana, inda muke da dangi a Nima ta birnin Akara da zangon Kumasi. Hausawan can baƙi ne kamar mu, masu zama a tsakiyar wasu ƙabilu, kuma sun daɗe suna gudun boko saboda yawancin makarantun na mishan ne. A 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasar. Makarantar unguwa da ta yarda ta shiga tsarin, gwamnati kan turo mata malaman lissafi da Turanci da kimiyya ta biya su, Alƙur'ani da Larabci kuma suna nan a cikin jadawalin. Yaro ya fito da karatun addini, ga kuma damar zama jarrabawar ƙasa kamar kowa. Ba mu ce babu ƙorafi a can ba, ana kukan cewa lokacin Larabci ya ragu. Amma dai mutanen zango sun haɗa kai sun yi magana da murya ɗaya har aka saurare su. Mu a nan kowane Alhaji da makarantarsa, kowace makaranta da tata manhajar, yaro ya tashi daga Zango ya koma Mangoro sai a mayar da shi baya ya sake farawa.

Sai Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lissafin da aka daɗe ana yi. Suna da makarantun kwana na addini da suke kira pesantren, kusan irin tsangayunmu. Akwai wata mai suna Gontor a gabashin tsibirin Jawa, wadda wasu ƴan'uwa uku suka kafa a 1926. Ɗalibanta dole su yi magana da Larabci da Turanci a harkarsu ta yau da kullum. Abin da ya fi jan hankalinmu a matsayinmu na ƴan kasuwa shi ne, a 1958 masu makarantar suka fitar da ita daga gadon gidansu suka mai da ita waƙafi. Tana da gonaki da shaguna da wurin buga littattafai, ribar tana komawa ga karatu. Ku kwatanta da namu: nawa ne cikin makarantun unguwar nan suka mutu a ranar da aka raba gadon mai su? Muna da dillalan shanu a Oko-Oba, muna da masu tireloli, muna da ƴan canji da masu rumfunan hatsi. Shago biyu kacal aka tsayar waƙafi, hayarsu za ta riƙe malami shekara da shekaru ba tare da ya bi gidajen iyaye yana roƙon haƙƙinsa ba.

Akwai kuma bidiyon yaran Japan da ake ta turawa a WhatsApp, suna share ajinsu, suna goge daɓe, suna raba wa junansu abincin rana. Gaskiya ne haka suke yi, kuma cikin karatun ake lissafa shi. Duk wanda ya gani a majalisa sai ya ce kai, waɗannan Musulunci kawai suka rasa. To ai mu da muke da shi, wa ya hana mu? A makarantar allo mu muke share tsakar gida, mu ɗebo ruwa, mu dafa tawada. Yau ga kwata ta toshe a ƙofar Islamiyya, damina ta zo ruwa ya shiga aji, yara suna tsallakewa su shiga su karanta babin tsarki. Tsintsiya da shebur ba sa buƙatar tallafin gwamnati.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ke ƙetare abin koyi ne. Faransa ta yi doka a 2004 ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati. A wasu ƙasashen Asiya yaro kan tashi daga makaranta ya wuce darasin dare, saboda tsoron jarrabawa, har ya rasa lokacin zama da iyayensa. Waɗannan ba ma so. A wannan fannin ma mu ne da abin godiya: a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Saboda haka uban da ya cire ƴarsa daga boko da zarar ta sauke, ya ɗora mata farantin talla a tasha, ya nemi wata hujjar, ta hijabi ta faɗi. Yarinyar nan da ta sa dattawa kuka da Suratu Maryam, ƙwaƙwalwarta za ta ɗauki karatun ungozoma ko na likita, kuma matanmu ne za su amfana ranar da suka je asibiti suna neman mace mai jin Hausa.

Wani zai ce ai walima farin ciki ce, a bar yara su ji daɗi. Mun yarda. Yaron da ya sauke Littafin Allah ya cancanci a yanka masa rago, a yi waina, a zaga da shi gidajen dangi. Damuwarmu ita ce rigar nan tana yi wa yaro da iyayensa wata irin ƙarya. A yawancin jami'o'i, ana sa ta ne ranar da mutum ya gama. Mu kuwa a wurinmu sauka farkon karatu ce: daga nan ake shiga Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, a koyi Larabci, a san ma'anar abin da ake karantawa. Yanzu da yawa daga ranar da aka cilla hula sama ba a sake ganinsu a makaranta. Samarin sai acaba ko dako a kasuwa, ƴan matan sai jiran miji. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ga abin da muke roƙo, kuma duk cikin ikonmu yake. Na farko, kada makaranta ta sa ranar walima alhali malaminta yana bin ta bashi. Kwamitin masallaci ya tambaya kafin liman ya karɓi kati, mu ma daga bana haka za mu riƙa yi. Na biyu, a cikin shirin taron a ware lokaci yara su fassara gajerun surori da Hausa, kowa ya karanta wasiƙar da ya rubuta da hannunsa, don harshen nan yana zame wa ƴaƴanmu muna kallo. Na uku, masu makarantu su zauna a gaban Sarkin Hausawa da limamai su daidaita manhaja ɗaya da jarrabawa ɗaya, a kuma je Markaz a nemi shawara, ba abin kunya ba ne. Na huɗu, Alhazanmu masu hali su fara maganar waƙafi tun suna da rai, a rubuta a sa shaidu. Na biyar, a buɗe ajin bayan sauka, kuma duk uban da ya karɓi allon zayyana ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ɗansa ko ƴarsa za su ci gaba, a Islamiyya da boko duka.

Iyayenmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, suka zauna cikin mutanen da ba su jin yarensu, suka koyi cinikinsu, suka riƙe sallarsu. Sun san abin da ake ɗauka a baƙon wuri da abin da ake bari. Yaran da muka gani a rumfunan nan su ne za su ja salla a masallatanmu, su riƙe shagunanmu, su yi magana da yawunmu a Alausa bayan ba mu. Allah Ya yi musu albarka, Ya ba malamansu haƙuri, mu kuma Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Inda muka yi kuskure a gyara mana, shagonmu a buɗe yake.