Gwanin da ke Karanta Tafiyar Ƙullu

A bakin wayar gilashin da ke ɗauko intanet akwai wani ɗan farin bututun tangaran, kaurinsa milimita 2.5, ramin cikinsa kuwa wajen milimita 0.125 ne kacal. Da garin zakoniya ake yin sa, sau da yawa ta hanyar ɗure: a kwaɓa garin da kaki da roba, a ɗumama, inji ya tura ƙullun cikin mazubin ƙarfe. Dabarar ta kwana biyu, don tun shekarun 1930 aka fara gwada ta a Amurka wajen yin tangaran ɗin fulogin mota.

Abin da ke burge ni shi ne mutumin da ke tsaye gaban injin. Cikar mazubi ba ta wuce 'yan daƙiƙu, amma a nan ake gyara kaya ko a ɓata su. Ƙullu na gudu ne kamar kogi, tsakiya na sauri, gefe na jan ƙafa. A gefen, inda gugar ta fi tsanani, ƙwayoyin gari kan gudu zuwa tsakiya su bar kaki da roba. Ƙwayoyi masu ɗan tsawo kuma sai su jeru suna bin hanyar kwarara. Idan ƙullu ya rabu biyu don kewaye sandar da ke fitar da rami, inda ya sake haɗuwa yakan bar tabo, musamman in ya fara hucewa.

Ido ba ya ganin wannan ta'asa. Sai an cire kaki da roba, an gasa a zafin da ya kai digiri 1,400 ko fiye, kayan sun tsuke da kusan kashi ɗaya cikin biyar, sannan asiri ya tonu. Inda gari ya yi ƙaranci sai ya fi tsukewa, kaya su karkace ko su tsage.

Shi ya sa gwani ba ya jiran tanderu. Da gangan yake ɗura ƙullu kaɗan, ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya jera guntayen a kan tebur yana duban inda gaban ƙullun ya kai a kowanne. Daga nan zai rage gudun inji, ko ya ƙara wa mazubi zafi, ko ya ce a sauya wa ƙofar shigar ƙullu wuri, don tabon ya koma inda ba zai ɗauki nauyi ba. A ganina wannan ma'aikaci ya cancanci yabo daidai da injiniyan da ya zana mazubin.