Cibiyoyin Bincike na Jami'o'i da Koyar da Ilmin Haske a Arewacin Zamfara

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tsokaci a kan gudummawar cibiyoyin bincike na jami'o'inmu ga ilmin haske da gani, watau reshen kimiyya da ke nazarin madubi da tabarau da yadda ido ke gani. An taƙaita bayani a kan ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ra'ayin da za a kare shi ne, cibiyoyin nan suna jiran ɗalibi a ƙofar jami'a, alhali tun a sakandare ake rasa shi.

Abin da ke Ƙasa

Ba a rasa makarantu ba. A 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ta yi suna wajen ƙera murhu mai dafuwa da hasken rana. A 1983 aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, sa'an nan Jami'ar Tarayya ta Gusau ta biyo baya a 2013. To amma ɗakin gwaje-gwaje da tallafin karatu, wanda ya riga ya sami gurbi kaɗai suke amfana. Yaron Zurmi da rashin tsaro ya katse wa karatu, kamar yadda aka rufe makarantun jihar a watan Satumba na 1921 da ɗari, watau 2021, ba zai kai ga gurbin ba, balle 'yar'uwarsa mace.

Matsalar Harshe

Da na je duba ɗalibaina masu gwajin koyarwa a wata sakandare, na tarar 'yan aji sun haddace ƙa'idar karyewar haske da Turanci tsaf. Na tsoma kara a cikin kofin ruwa, na tambayi abin da ya sa ake ganin kamar ya karye. Aka yi tsit. Da na sake tambayar da Hausa, sai wata yarinya ta ce, ai haka tsabar kuɗi take tasowa sama in ta faɗa randa. Ashe ta san abin, ba ta dai san shi ne ta haddace ba.

Hausa kuwa ba ta rasa kalmomi ba. Akwai ƙawalwalniya, da bakan gizo, da husufi, da dundumi, da hakiya, kuma kowace darasi ce sukutum. Alal misali, ƙawalwalniyar da matafiyi ke hange a hanyar Shinkafi da bazara, lanƙwashewar haske ce a cikin iska mai zafi da ke daf da ƙasa. Har ila yau, iyayen yaran nan sun shaida husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi. Daɗin daɗawa, ilmin ba baƙo ba ne ga al'ummar da ta saba da littattafan Larabci. Ibn al-Haisam, mutumin Basra, shi ne ya kafa hujja a cikin Kitabul Manaziri, shekara dubu da suka wuce, cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da shi ba.

Kammalawa

Saboda haka ana ba da shawara uku. Na farko, cibiyoyin su haɗa kai da kwalejojin ilmi na Maru da Gusau, musamman ta Gusau da ke horar da mata, domin malamin aji shi ne ke isa inda shehun malami ba ya isa. Na biyu, masana kimiyya da masana Hausa su zauna su daidaita kalmomin fannin. Na uku, a tanadi akwatin gwaji mai araha, na madubi da gilashi da tocila, ga kowace sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ba haka ba, za a ci gaba da ɗora wa yaran nan laifin rashin hazaƙa, alhali ba a taɓa gwada su ba.