Gani Ya Kori Ji? Tarken Littafin Eyewitness Testimony na Elizabeth Loftus a Matsayin Littafin Horarwa

1.0 Gabatarwa

Ilimin halayyar ɗan'adam na fagen shari'a fanni ne da yake nazarin yadda tunani da tunawa da ɗabi'un mutum suke shafar aikin 'yan sanda da na kotu. Masana kan danganta mafarinsa da littafin On the Witness Stand, wanda Hugo Münsterberg, wani Bajamushe da yake koyarwa a Jami'ar Harvard, ya fitar a 1908. Lauyoyi ba su yi maraba da littafin ba, domin a 1909 John Wigmore, masanin dokar shaida, ya mayar masa da martani mai zafi. Sai a 1974 Jami'ar Nebraska ta buɗe tsarin karatun da ya haɗa digirin lauya da digiri na uku a ilimin halayya, sannan a 2001 Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka ta amince da fannin a matsayin reshe mai cin gashin kansa. Daga cikin jami'o'in da suke ba da digiri na biyu a kansa akwai Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, inda Elizabeth Loftus ta koma a 2002.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken littafin Loftus mai suna Eyewitness Testimony, wanda maɗaba'ar Jami'ar Harvard ta buga a 1979, aka kuma sake buga shi a 1996. An zaɓe shi ne saboda da wuya ɗalibin wannan fanni ya kammala karatu bai ci karo da shi ba, ko da gwaje-gwajen da ke cikinsa. Za a dubi jigonsa, da ƙarfinsa, da rauninsa, sa'an nan a auna shi da ma'aunin harshe, domin a ga iyakar amfanin da zai yi wa ɗalibin da shaidunsa ba da Ingilishi suke magana ba.

2.0 Jigo da Tsarin Littafin

Jigon littafin shi ne cewa abin da ido ya gani ba ya zama a ƙwaƙwalwa kamar hoto a cikin akwati. Marubuciyar ta kasa al'amarin tunawa gida uku: lokacin ganin abu, da lokacin ajiye shi, da lokacin fito da shi. A kowane mataki kuskure yana iya shiga. A mataki na farko akwai ƙarancin haske, da gajeren lokaci, da firgita, da kuma yadda hankalin mutum kan tattaru a kan makami ya bar fuskar mai riƙe da shi. A mataki na biyu akwai labarin da mai shaida ya tsinta bayan aukuwar abin, daga bakin maƙwabci ko jarida ko ɗan sanda, wanda kan cuɗe da abin da ya gani har ya kasa rarrabe su. A mataki na uku kuwa akwai yadda aka tsara tambayar da aka yi masa. Wato ke nan mutum yana iya rantsewa da zuciya ɗaya a kan abin da bai gani ba, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba.

3.0 Ƙarfin Littafin

Babban ƙarfin littafin shi ne dogaro da gwaji maimakon hasashe. A gwajin da Loftus da John Palmer suka wallafa a 1974, an nuna wa ɗalibai 45 fina-finan haɗarin mota, aka tambaye su gudun da motocin suke yi, amma aka riƙa sauya aikatau guda a cikin tambayar. Waɗanda aka tambaya da aikatau mai ma'anar ragargajewa sun ƙiyasta gudun mil 40 da 'yan kai a awa ɗaya, waɗanda kuwa aka tambaya da aikatau mai ma'anar taɓawa suka ƙiyasta kusan mil 32. A kashi na biyu na gwajin an yi amfani da ɗalibai 150, aka dawo da su bayan mako guda, aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da suka ji kalmar ragargajewa, 16 sun ce sun gani. Cikin 50 da suka ji kalmar bugu, 7 ne kawai suka ce sun gani. Alhali kuwa babu fasasshen gilashi a fim ɗin.

Abu na biyu shi ne salo. Marubuciyar ta yi rubutun ne yadda lauya da alƙali za su fahimta, ta kuma haɗa hujjojinta da misalan shari'o'in da aka yi a zahiri. A nan ta yi nasarar da Münsterberg bai yi ba, domin shi ya fi ba da ƙarfi ga kushe lauyoyi a kan kawo musu hujja.

Abu na uku shi ne lokaci ya gaskata yawancin gargaɗinta. Tun daga 1989 gwajin ƙwayoyin halitta ya fara wanke mutanen da aka ɗaure bisa kuskure a Amurka, kuma ƙididdigar ƙungiyar Innocence Project ta nuna cewa cikin mutum 375 da aka wanke ta wannan hanya zuwa 2020, kimanin kashi 69 cikin 100 kuskuren shaidun gani-da-ido yana cikin abin da ya jawo musu ɗauri. A 2011 Kotun Ƙolin Jihar New Jersey ta sake tsarin karɓar irin wannan shaida, tana mai kafa hujja da binciken masana tunawa.

4.0 Raunin Littafin

Duk da haka, littafin bai kuɓuta daga rauni ba, kuma ɗalibin babban digiri shi ya fi kowa cancantar sanin wannan. Rauni na farko ya shafi waɗanda aka yi gwajin da su. Yawancinsu ɗaliban jami'a ne da suka zauna cikin kwanciyar hankali suka kalli fim, ba su ji tsoro ba, kuma sun san amsarsu ba za ta ɗaure kowa ba. A 1986 John Yuille da Judith Cutshall sun bi diddigin shaidu 13 da suka ga wani harbi na gaske a kusa da birnin Vancouver na ƙasar Kanada. Bayan wata huɗu zuwa biyar aka tarar da bayanansu na nan da inganci, kuma tambayoyin ɓatarwa da aka jefa musu ba su yi wani tasiri ba. Wannan bincike bai rushe aikin Loftus ba, tun da shaidun kaɗan ne, amma ya nuna cewa ɗakin gwaji daban, titi daban.

Rauni na biyu shi ne zarce gona da iri wajen fassara sakamako. Littafin ya karkata ga ra'ayin cewa sabon labari yana sauya ainihin abin da aka ajiye a ƙwaƙwalwa. A 1985 Michael McCloskey da Maria Zaragoza sun nuna cewa ana iya samun irin wannan sakamako ko da abin da aka gani na nan bai goge ba, domin wanda ya manta tun farko yakan karɓi abin da mai tambaya ya faɗa, wani kuma ya bi mai tambayar saboda yarda da shi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai bincike: idan tunawar ta goge, to an yi asara, idan kuwa an danne ta ne, kyakkyawar tambaya tana iya tono ta.

Rauni na uku shi ne an gina littafin a kan kotun Amurka, inda wasu zaɓaɓɓun mutanen gari, wato juri, suke yanke hukuncin ko an yi laifi. A wani gwaji na 1974 da littafin ya kawo, kashi 18 cikin 100 na masu kwaikwayon juri suka kama wanda ake tuhuma da laifi lokacin da babu mai shaida, kashi 72 lokacin da akwai shi, sannan kashi 68 ko bayan an nuna cewa mai shaidar ba ya gani sosai kuma bai sa tabarau ba. Wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su sami sakamako mai tsanani haka ba. Bugu da ƙari, a ƙasa kamar Nijeriya alƙali ne da kansa yake auna shaida, saboda haka wannan ɓangare ba zai yi wa ɗalibinmu jagora kai tsaye ba.

5.0 Matsayin Harshe

Rauni mafi girma a wurin mai nazarin harshe shi ne wannan: shahararrun hujjojin littafin hujjojin harshe ne, amma an ɗauki Ingilishi tamkar shi ne harshen ɗan'adam. Gwajin 1974 aikatau ya sauya. Wanda Loftus da Guido Zanni suka yi a 1975 kuwa ya sauya 'yar ƙaramar kalmar da Ingilishi ke sa wa gaban suna domin nuna ko an san abin ko ba a san shi ba. Duk da haka babu babin da aka keɓe wa mai shaidar da ya ga abu cikin harshe ɗaya aka rubuta shaidarsa cikin wani.

Cewa harshe yana da tasiri ba zato ba ne. A 2011 Caitlin Fausey da Lera Boroditsky sun gano cewa masu Ingilishi sun fi masu Sifaniyanci tuna wanda ya aikata abu bisa kuskure, domin Ingilishi kan ambaci mai aikin, Sifaniyanci kuwa ya fi karkata ga cewa abin ya auku. Hausa tana da irin waɗannan hanyoyi. Akwai bambanci tsakanin "ya fasa tulu" da "tulu ya fashe" da "an fasa tulu", kamar yadda akwai shi tsakanin "ya harba bindiga" da "bindiga ta tashi". A shari'ar kisa, tazarar da ke tsakanin jimlolin nan biyu na ƙarshe ita ce tazarar da ke tsakanin ganganci da tsautsayi.

Haka nan azuzuwan aikatau guda bakwai da F. W. Parsons ya fayyace a 1960 suna ba mai tambaya damar cusa ma'ana da wasali guda. "Ya buge shi" da "ya bubbuge shi" ba hoto ɗaya suke zanawa ba, haka ma "ta goge ta" da "ta banke ta" a bakin mai ba da labarin haɗarin mota. Ga kuma amsa-kama: wanda aka tambaya ko mutumin ya faɗi "tim" an riga an gaya masa ƙarfin faɗuwar. Tambayar "ka ga wata wuƙa?" ta bar ƙofa a buɗe, "ka ga wuƙar?" ta tabbatar da samuwar wuƙa, "ai ka ga wuƙar, ko?" kuwa ta mayar da musu rashin ladabi, musamman ga talakan da ke tsaye gaban mai kaki.

Idan tafinta ya shigo, matsalar ta ninku. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta, amma manyan kotuna da Ingilishi suke rubuta bayanai. Mai shaidar da ya ce "na ji" yana iya nufin ji da kunne, ko a jiki, ko fahimta, ko labarin da wani ya ba shi, kuma wannan na ƙarshe doka ba ta karɓarsa sai bisa wasu sharuɗɗa. Wanda ya ce ɓarawon "ja" ne ko "wankan tarwaɗa", ko ya ce abin ya faru "da hantsi", ya faɗi abin da Bahaushe ya gane, amma wanda ya juya maganar tilas ya zaɓi kalma ɗaya ko ƙarfe kaza, kuma zaɓin nasa ne zai zama shaida. A ƙasar da hukuncin fashi da makami kisa ne, wannan ba wasan nahawu ba ne.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa littafin Loftus ya cancanci matsayin da yake da shi, domin ya tabbatar da cewa karin maganar nan ta "gani ya kori ji" tana da iyaka: sau da yawa ji ne kan biyo baya ya gurɓata gani. Sai dai littafi ne na zamaninsa da ƙasarsa da harshensa. Duk tsarin karatun da ya koyar da shi a matsayin gaskiya gama-gari zai yaye ɗaliban da suka haddace sakamakon gwajin Amurka, amma ba su iya tsara tambaya ɗaya mai tsabta ga mai shaida Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo ba.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Na farko, a riƙa koyar da littafin tare da ayyukan waɗanda suka yi masa suka. Na biyu, duk jami'ar da ke horar da ɗalibai a wannan fanni ta sa darasin nazarin ma'ana da na tafinta cikin darussan dole. Na uku, ɗaliban sassan harsunan Nijeriya su haɗa hannu da na sashen ilimin halayya su maimaita gwajin 1974 da na 1975 cikin Hausa da sauran harsunanmu, da aikatau da amsa-kama irin namu. Aiki ne da bai fi ƙarfin kundin digiri na biyu ba, kuma sakamakonsa zai amfani alƙali da ɗan sanda da wanda ke tsaye a akwatin tuhuma.