Kari Da Liƙi: Me Mai Kyauta Ke Saye A Wurin Mawaƙi? Nazari A Kan Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wata tambaya wadda manazarta waƙoƙin baka su kan tsallake, wataƙila saboda ganin ta fi kama da zancen kasuwa. Tambayar kuwa ita ce: mutumin da ya bar garinsu, ya yi tafiya, ya kashe dukiyarsa domin ya tsaya gaban shahararren mawaƙi, me ya ke samu a madadin abin da ya bayar? Za mu ɗauki Alhaji Mamman Shata a matsayin misali, sa'an nan mu auna maganar da ma'aunin mutanen ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, musamman manoman ƙauyuka irin su Wurma, domin su ne 'yan kallon da ba a cika tunawa da su ba idan ana ba da tarihin mawaƙa.

Shata ba baƙo ba ne a wannan yanki. A Musawa aka haife shi, ya zauna Bakori da Funtuwa, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura. Haka kuma ba mu ne farkon waɗanda suka taɓa zancen kyauta da roƙo ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya nuna tun 1957 cewa roƙo hanya ce ta tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fito da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Abin da mu ke so mu ƙara a kan waɗannan ayyuka shi ne mu nemi amsar a cikin ginin waƙar kanta.

Masu ba mawaƙi kyauta ba ɗaya su ke ba. Akwai ubangida, watau basarake wanda ya riƙe makaɗi a fadarsa, kamar yadda Sarkin Gobir na Isa Amadu ya riƙe Narambaɗa, ko kuwa Sarkin Katsina Usman Nagogo da Sarkin Taushinsa. Wannan ba ya neman ganin mawaƙi, mawaƙin ne ke zuwa gaisuwa. Ci da sha da sutura da muhalli duk suna wuyansa, waƙa kuwa tasa ce har ƙarshen sarautarsa. Akwai kuma attajiri ko ma'aikaci wanda ya kan gayyato mawaƙi wajen biki ko suna, ya ɗauki nauyin motarsa da masaukin jama'arsa, ya yi masa riga ko doki, daga baya ma har mota da kujerar Makka. Na ukunsu shi ne ɗan kallo, wanda ya ji labarin Shata ya sauka a gari, ya sayar da tiya kaɗan na gero ko ɗan akuya, ya hau keke ko motar kasuwa, ya kutsa cikin taro domin ya yi kari, sanƙira ya ɗaga kuɗin sama ya faɗi sunansa. A kan na biyu da na uku maganarmu za ta fi tsayawa.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, tsarin waƙar Shata shi ya buɗe wa ɗan kallo ƙofa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa su kan zauna da yaransu su shirya waƙa tun a gida, kowane ɗa na waƙa a ɗaure ya ke da ɗan'uwansa, jagora ya fara, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa. Waƙa irin wannan ba ta da gurbin da za a cusa sunan baƙo, in kuwa aka cusa, sai ɗinkin ya nuna. Shata kuwa, kamar yadda kowa ya sani, nan take ya ke ƙaga waƙa. Gindin waƙarsa gajere ne, 'yan amshi su yi ta maimaita shi ba canji, kalangai na riƙe da kiɗa, shi kuma ya samu sararin zuba ɗiya yadda ya ga dama. Saboda haka duk wanda ya shigo fili da kuɗi a hannu yana iya faɗawa cikin waƙar da ba dominsa aka fara ta ba. Mu a ganinmu, wannan sassauci na tsari yana cikin manyan dalilan da suka sa Shata ya zama mawaƙin jama'a, direba da ɗan kasuwa da mahauci da manomi kowa na jin yana da rabo a wurinsa.

To, amma shiga cikin waƙa iri biyu ne, kuma a nan ne masu kyauta da yawa su kan ruɗe. Akwai ambato, akwai kuma waƙa. Ambato shi ne a kira sunan mutum da na garinsu, a ce ya kyauta, a wuce. Wannan kuɗi na sayensa, kuma da ƙarar kalangu ya ke tafiya: idan aka sake yin waƙar a wani gari, sunan wani ne zai zauna a gurbin. Waƙa kuwa ita ce a gina gindi a kan sunan mutum, ta yadda ba za a iya rera ta ba sai an kira shi. Wanda duk ya saurari waƙar Garba Bichi, ko ta Sarkin Bori Sule, ko waɗanda Shata ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, zai ji cewa mawaƙin ya san mutanen nan. Ya san asalinsu da halinsu da mutanen da ke kewaye da su, daga nan ya ke samun zaren da ya ke saƙa da shi. Wannan sani kuwa zama ke kawo shi, da cin abinci tare, da tafiye-tafiye, da alherin da aka daɗe ana yi. Mutumin da ya zo dare ɗaya ya zazzage aljihunsa bai ba mawaƙi komai ba sai adadi, adadi kuwa ɗan waƙa guda ya ke cikawa.

Akwai wata hujja da ke ƙarfafa wannan ra'ayi. Idan muka ɗauki waƙoƙin Shata da suka fi zama a bakin mutane, za mu tarar wasu daga cikinsu ba su da mai kari ko kaɗan. Bakandamiya kansa ya wasa a cikinta. Waƙar Kumbo ya yi ta ne a kan tafiyar da Amurkawa suka yi zuwa duniyar wata a 1969, kuma babu wanda zai ce 'yan sama-jannatin nan sun aiko masa da tukuici. Haka nan Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu. Ke nan nauyin kyauta da kyan waƙa ba a sikeli ɗaya a ke auna su ba. Ya kamata mu faɗa wa ɗalibanmu wannan, domin mun sha ganin kundayen neman takardar shaidar malanta inda ɗalibi zai jero kyautukan da mawaƙi ya lissafa, motoci kaza, dawaki kaza, ya ɗauka ya yi nazari ke nan. Lissafin kyauta a cikin waƙa salo ne na zuga. Da mawaƙi ya faɗi abin da wane ya ba shi, da sauran masu hali da ke zaune a wurin ya ke.

Sa'an nan kada mu manta da cewa wani karin na tsoro ne. Mawaƙin da ya iya yabo ya iya zambo, Gagarabadau kuwa shaida ce a kan abin da harshen Shata ke iya yi wa mutum. Mai hali da ya zauna a gaban fili ya naɗe hannu ya san yana iya tashi da suna marar daɗi wanda zai bi shi har jikoki. Irin wannan mutum shiru ya saya da kuɗinsa, kuma in an bi ta ma'aunin mutunci, ba za a ce ya yi asara ba.

Zuwan na'urar ɗaukar magana ya canza cinikin baki ɗaya. Kafin faifan garmaho da gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, waƙar mutum ba ta wuce inda mawaƙi ya kai ta da ƙafarsa. Da rediyo ta zo, sa'an nan kaset ya bazu a shekarun 1970, sai ya zama attajirin da aka ɗauki waƙarsa ya samu abin da ko sarakunan da ba su samu ba: ana kiran sunansa a Maraɗi da Kumasi da Sudan alhali yana barci a gidansa. Har ɗan kallo ma, in ya yi sa'a ranar da ya yi kari akwai rikoda a wurin, ambatonsa ya tsira. Yawancin wasannin ƙauye kuwa ba a ɗauke su ba.

Yanzu sai mu koma ga mutumin Wurma. Manomi a wannan yanki sau ɗaya ya ke ganin kuɗi masu kauri a shekara, watau da kaka, kuma a daidai lokacin ne a ke bukukuwa, makaɗa ke yawo. Abin da ya liƙa a watan Disamba daga cikin rumbu ya fito, kuma a watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi tsada, za a ji raɗaɗinsa a gida. Shin ya yi wauta? Mu dai ba za mu yi saurin cewa haka ba. A fili irin na Shata na ƙauye ba a yankar tikiti, mawaƙi kuma ba ya samun wani abin kirki daga kaset ɗin da 'yan kasuwa ke kwafa suna sayarwa. Da karin jama'a ya ke ciyar da makaɗa da 'yan amshi da sanƙirori da iyalansu. Wanda ya sha kiɗa tun bayan isha'i har asuba, ya ba da sule biyar, ko naira guda bayan canjin kuɗi na 1973, ladan aiki ya biya, kuma ya biya da araha. Daɗin daɗawa, ya koma gida da labarin da zai yi shekaru yana bayarwa a dandali, cewa ya ga Shata ido da ido. Inda abin ke ɓaci shi ne wurin gasa. Da sanƙira ya ce wane ya ba da kaza, sa'ansa ko abokin takararsa wajen neman aure sai ya ji dole ya ɗara. Daga nan mutum ya daina biyan mawaƙi, ya koma yaƙi da maƙwabcinsa, har ta kai ga jinginar da gona ko sayar da san noma. Sunan da ya saya da wannan tsada kuwa ambato ne, wanda ba zai kwana biyu ba.

A yau abubuwa da dama sun sauya. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi ƙasashen Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari a 'yan shekarun nan sun rage taron dare ƙwarai, Wurma ma ba ta tsira daga wannan masifa ba. Liƙi kansa ya zama laifi a dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, ko da ya ke ba a daina ba. Saurayin da kakansa ya taka zuwa filin Shata, shi Kano ya ke nufa domin ya ɗauki hoto da tauraron fim. Idan muka auna wannan da ma'aunin da muka kafa a baya, hoton bai kai ko ambato ba, domin mai ambato ya sarrafa harshe, ya sa sunan mutum a kan kiɗa, tauraron kuwa tsayuwa kawai ya yi, kuma da wuya ya riƙe sunan wanda ya tsaya kusa da shi.

Misali mafi ban sha'awa shi ne na Dauda Kahutu Rarara, wanda shi ma Bakatsine ne. A 2020 ya nemi masoyan Shugaba Buhari kowa ya aiko da naira 1,000 ta banki kafin ya fitar da sabuwar waƙa. Wannan kari ne, amma babu fili, babu sanƙira, babu ido da ido, gindin waƙar kuma na wani ne daban. Duk da haka mutane suka aika. Wannan ya nuna cewa a cikin abin da mai kyauta ke nema har da jin cewa da hannunsa a cikin waƙa, ko da ba wanda zai ji sunansa.