Mintocin da Ba a Son Wuta Ta Ƙifta

A cikin ayyukan mai gyaran kwamfuta akwai guda ɗaya da idan ya fara shi ba ya son a yi masa magana. Canza gilashin laftof, ƙara ma'adana, sake zuba Windows, duka ana yin su ana hira ana kurɓar shayi, in an kuskure a warware a sake. Sabunta biyos kuwa wani abu ne daban. Aikin kansa da wuya ya wuce minti biyar, amma a cikin mintocin nan na'urar da mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya saya tana iya mutuwa murus, ta ƙi ko nuna haske. Na daɗe ina ganin ƙimar masu wannan sana'a a garin Gaya na Nijar, kuma a ganina a nan ne ake bambance gwani da mai koyo.

Biyos ƙaramar manhaja ce da ke zaune cikin wani ɗan aisi mai ƙafa takwas, faɗinsa kimanin milimita 5, manne a jikin babban allon kwamfuta. Ita ce ke fara farkawa idan an danna maɓallin kunnawa. Ta duba furosesa, ta ƙirga ma'adanar wucin gadi, ta tada gilashi da madannai, ta nemo inda Windows ko Linux yake, sannan ta miƙa masa ragama. Wani Ba'amurke mai suna Gary Kildall ne ya raɗa mata wannan suna a 1975, kamfanin IBM kuma ya sa ta cikin kwamfutarsa ta 1981 wadda kusan duk na yau suka gada. Na'urorin zamanin nan suna ɗauke da magajiyarta ce, wato UEFI, da ta samo asali daga aikin kamfanin Intel a ƙarshen shekarun 1990, amma a bakin masu gyara tsohon sunan bai gushe ba. A da can ba a iya sake rubuta wannan aisi sai an cire shi. Yanzu ana iya goge shi a sake zuba masa sabo yana nan a wurinsa, kuma a nan sauƙin yake, a nan haɗarin yake. Kafin a rubuta sabon, dole a share tsohon, sashe bayan sashe. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, abin da ya rage rabin umarni ne, kuma na'urar da ba ta da cikakken umarnin tashi ba za ta iya tashi ta karɓi gyara ba. Mutumin Gaya ya san irin wannan hali a kogin Kwara: a bakin gaɓa kana iya fasa tafiya, amma da zarar kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa sai dai a ƙarasa.

Me ya sa wannan ya fi nauyi a Gaya? Garin na zaune ne a ƙarshen kudancin jihar Dosso, Malanbil ta ƙasar Benin na tsallaken gada, Kamba ta jihar Kebbi kuma na gabas da shi. Gari ne na fiton kaya, na ofishin kwastan da masu cika takardun shigo da kaya, waɗanda aikinsu ya dogara da kwamfuta da manhajar SYDONIA. Akasarin na'urorin da ke hannun jama'a na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sama da kilomita 700 daga nan, ko aka hauro da su daga kasuwannin Najeriya. Ba su da takardar garanti. Idan allo ya mutu, babu wakilin kamfani da za a kai wa ƙara, kuma Yamai na da nisan kusan kilomita 300. Ga kuma batun wuta. Lantarkin Gaya daga Najeriya yake shigowa ta layin Kamba, kuma kowa ya ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a farkon watan Agusta, ƙungiyar CEDEAO ba ta ɗage takunkumi ba sai a Fabrairun 2024. Ko a lokacin zaman lafiya, Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a ƙasar, kuma hadarin damina idan ya taso da iska, wuta ce ke fara tafiya.

Saboda haka gwanin wannan aiki yana fara shi ne da tambayar da mai gaggawa ba ya yi: shin akwai bukatar a taɓa shi ma? Sau da yawa amsar ita ce a'a. Alhaji ya zo da laftof yana cewa ta yi nauyi, wani yaro ya gaya masa a yi mata filashin, wato a sabunta biyos ɗinta. Mai gyara ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, «Alhaji, wannan ba daga nan take ba, ƙura ce ta toshe fanka, kuma faifanta ya tsufa.» Ya bar kuɗin da zai iya karɓa cikin sauƙi saboda ya san sabon biyos ba ya ƙara wa tsohuwar na'ura gudu. Wannan ƙin taɓawar nake fara yabawa, domin ilimi ne ke sa ta.

Akwai lokutan da sabuntawa ta zama dole, kuma yana sane da su. Wanda ke da allo irin B450 ya sayo furosesar Ryzen 5000 da AMD ta fitar a 2020, allon ba zai gane ta ba sai an sabunta shi. A Janairun 2018 aka bayyana ɓarakar tsaro biyu, Spectre da Meltdown, waɗanda wani ɓangare na maganinsu ta hanyar biyos ya zo. A 2024 furosesoshin Intel na zubi na 13 da na 14 suka riƙa lalacewa saboda ƙarfin wutar da suke nema wa kansu ya wuce kima, kuma gyaran da ya dakatar da ɓarnar ta wannan ƙofa ya shigo. Sai dai labarin 2018 na da wani darasi da masu gyara suka riƙe. Gyaran farko da Intel ta fitar ya sa wasu na'urori suna kashe kansu suna tashi, har kamfanin ya nemi a dakata da zuba shi a cikin watan na Janairu. Shi ya sa gwani ba ya rawar jiki a kan fayil ɗin da ya fito jiya. Yana karanta bayanin da kamfani ya rubuta a ƙarƙashinsa, ya ga ko ya shafi matsalar da ke gabansa, in bai shafa ba ya ƙyale.

Idan ya yanke shawarar yi, sai aikin bincike, kuma a nan ne mafi yawan alluna suke mutuwa a hannun masu koyo, tun kafin a zo maganar wuta. Fayil ɗin da aka zuba dole ya zama na wannan allon ne daidai. Rubutun da ke bayan murfi ba hujja ba ce a garin da kayan hannu suka yi yawa, domin ana iya samun gangar jikin na'ura ɗaya da allon wata. Sai ya shiga cikin biyos ɗin ya karanta abin da na'urar ke faɗa game da kanta, in Dell ce ya ɗauki lambar nan mai haruffa bakwai da kamfanin ke ba kowace na'ura, in ta tebur ce ya buɗe ta ya haska tocila a jikin allon. Kamfanin Gigabyte, alal misali, yana fitar da allo mai suna ɗaya amma zubi daban-daban, 1.0 da 2.0, an buga lambar da ƙananan haruffa a kusurwa, kuma fayil ɗinsu ba lallai ya zama ɗaya ba. Wani lokacin ma kamfani kan ce sai an bi ta wani tsohon zubi kafin a kai ga na ƙarshe. Daga shafin kamfanin kaɗai yake saukewa. Wanda wani ya turo ta WhatsApp ba ya kusantar allon mutane. Kuma da yake intanet ɗin waya kan yanke ana tsakiyar saukewa, yana gwada girman fayil ɗin da lambar tantancewarsa, irin ta SHA-256, da abin da kamfanin ya wallafa. Harafi ɗaya ya saɓa, ya sake saukewa.

Akwai wani tarko da bai shafi allo ba amma yana iya cinye dukiyar mai na'ura. Idan an kulle faifai da BitLocker, sabon biyos na iya sa Windows ta ɗauka sace na'urar aka yi, ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Mutumin da takardun kwastan na abokan hulɗarsa ke ciki, in bai ajiye wannan lamba ba, ya shiga uku. Don haka ana dakatar da kullen tukuna, a kwafe muhimman fayiloli, a ɗauki hoton saitin biyos shafi-shafi da waya.

Sannan wuta. Laftof na da batir, amma batirin laftof ɗin hannu sau da yawa suna ne kawai. Manhajojin sabuntawa kan ƙi farawa idan cajin ya yi ƙasa ko ba a jona caja ba, kuma akwai dabarun tilasta su da yara ke koya a intanet. Maigidan shago na gari yana hana yaransa wannan. Gara ya aro lafiyayyen batir daga wata na'ura irinta. Kwamfutar tebur kuwa sai an ɗora ta a kan ondilar da aka gwada, wato a zare filogi a ga ko za ta riƙe minti goma, ko a kan batirin sola da inbata. Ƙaramin janareto mai tari ba abin dogaro ba ne. Yana duban sama ma. In hadari ya haɗo daga gabas, sai ya ce, «Malam, ka bari sai gobe da safe.» Ya shirya filash da tsarin FAT32, ya cire duk wani abin da ke jone da ba a bukata, ya fi son ya yi aikin daga cikin biyos ɗin kanta, ta EZ Flash a allon ASUS, Q-Flash a Gigabyte, M-Flash a MSI, ko ta maɓallin F12 a Dell, domin a can babu wata manhajar Windows da za ta tsoma baki.

Ya ce bismillah ya danna. Daga nan gwanintar ita ce riƙe hannu. Gilashi zai yi baƙi, fanka ta yi kuka kamar za ta tashi, na'urar ta mutu ta tashi sau biyu ko uku da kanta. Sababbin alluna masu DDR5 kan ɗauki mintoci suna gwada ma'adana, babu komai a gilashi. Mai na'ura ya fara gumi, hannunsa na kaiwa ga maɓalli, kuma wannan hannun ya kashe alluna da yawa da ba abin da ya same su. Shi ya sa mai gyara kan tsaya tsakanin na'ura da mai ita.

Idan duk da haka abin ya ɓaci, ba a yanke ƙauna. Tun da ƙwayar cutar CIH, wadda wani ɗalibi ɗan Taiwan mai suna Chen Ing-hau ya rubuta, ta tashi ranar 26 ga Afrilun 1999 ta lalata biyos na ɗimbin kwamfutoci a duniya, kamfanoni suka ƙara ƙaimi wajen samar da hanyoyin ceto. Gigabyte ta sa aisi biyu a wasu allunanta, ɗaya na ajiya. A yawancin HP ana riƙe maɓallin Windows da B a danna na kunnawa, a Dell kuma Ctrl da Esc yayin jona caja. Wasu allunan ASUS na da maɓalli a baya da ke zuba biyos daga filash ko babu furosesa a kai. In duk sun ƙi, sai a fito da 'yar na'urar nan mai araha, CH341A, da matsewarta mai kama ƙafafun aisi takwas. A nan ne nake ganin aikin ya koma na masu natsuwa zalla. Ya karanta lambar da ke kan aisin da madubin ƙara girma, ya gane ko mai bolt 3.3 ne ko mai 1.8, domin wutar da ta fi ƙarfinsa za ta ƙona shi. Kafin ya rubuta komai, sai ya kwafe abin da ke ciki sau biyu ya gwada kwafin da juna, ko da ya lalace, saboda a cikinsa ne lambar na'urar take, da lasisin Windows da kamfani ya dasa, wani lokaci har da adireshin katin sadarwa. Ya ɗebo waɗannan ya dasa su cikin lafiyayyen fayil, sannan ya zuba. In matsewar ta ƙi kamawa, ya ɗaga aisin da bulowa, ya rubuta, ya mayar da dalma.

Na'ura ta tashi, amma bai miƙa ta ba tukuna. Ya koma cikin biyos ya tabbatar lambar zubin ta canza, ya mayar da saitin asali, sannan ya bi hotunan da ya ɗauka ya gyara abin da ya kamata: tsarin faifai, ko AHCI ne ko RAID, domin saɓaninsa na hana Windows tashi, da jerin abin da za a fara kunnawa, da TPM wanda Windows 11 ke bukata. In agogo na ɓacewa, ya canza ɗan batirin CR2032. Aikin nan kuma ƙaruwa zai yi a shagunan Gaya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma takardun shaidar tsaron kunnawa da aka dasa a alluna tun 2011 wa'adinsu na fara ƙarewa daga Yunin 2026. Wasu tsofaffin na'urorin da ke kan teburan masu cika takardun kwastan sai an sabunta biyos ɗinsu kafin su karɓi sababbin.