Presence: Faifan da Led Zeppelin Suka Yi Cikin Jinya

Idan ana hirar Led Zeppelin, "Stairway to Heaven" kowa ke kawowa. Ba kasafai ake tuna Presence na 1976 ba, kuma a ganina ba a yi masa adalci ba.

A Agustan 1975 mawaƙinsu Robert Plant ya yi hatsarin mota a tsibirin Rhodes na Girka. A kan keken guragu ya rera waƙoƙin a birnin Munich, aka kammala aikin cikin kwana 18. Kunne na jin wannan matsin. Babu piyano, babu kwalliya, sai jita da ganga da muryar majinyaci.

Saurari "Achilles Last Stand": minti goma da ɗoriya, gangar John Bonham na sukuwa kamar doki, Jimmy Page na ɗora jita bisa jita. Mu masu rubuta manhaja mun san aikin da wa'adi ya ƙure wa, ba a tsayawa ado.

Masu suka sun ce faifan a bushe yake. Da gaskiyarsu a wani wurin; "Candy Store Rock" cike gurbi ce kawai. Amma "Tea for One", kukan mai kewar iyalinsa, ita nake maimaitawa idan dare ya tsala.