Ciwon Mace Ba Raki Ba Ne

A ƙasar Hausa ana yabon mace da dauriya, tun tana yarinya ake hore ta kada a ji kukanta ran naƙuda. Abin mamaki, ran da ciwo ya ci ƙarfinta har ta furta, sai a ce raki ne, ko iska. Wannan ɗabi'a abar zargi ce, gama ta bi mata har ɗakin da ake karɓar masu ciwon gaggawa a asibiti.

Ba nan kaɗai ake yin haka ba. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada a sa matan da ke iya haihuwa cikin gwajin farko na sababbin magunguna, ba a janye wannan ba sai 1993. Watau an auna namiji, aka ɗinka wa mace riga. A 2008 aka bi sawun mutum 981 da aka kai wani asibiti na Amurka da matsanancin ciwon ciki. Maza sun jira wajen minti 49 kafin a ba su maganin zogi, mata kuwa minti 65. A 2016 masanan Jami'ar Leeds ta Ingila suka gano an fi kuskuren gane ciwon zuciya ga mata, domin sau da yawa yakan zo musu tare da haki, da tashin zuciya, da ciwon baya.

Ƙasar Hausa kuwa tana da nata misali. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga abin da suka gani a Zariya na matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka zargi yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Alamun cutar ba ɓoyayyu ba ne: kumburin ƙafa, da haki, da tarin dare, da kasa kwanciya sai a zaune. To, a ɗauka mai jego ce a wani ƙauye na Gagarawa ko Sule Tankarkar. A gida a ce gajiyar haihuwa ce, a jira maigida ya komo ya ba da izini. In an kai ta Gumel ko Maigatari, aka tambayi mijin maimakon ita, aka sallame ta da maganin tari, an yi jinkiri sau biyu ke nan.

Gaskiya ne malaman asibiti kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa. Amma ƙarancin ma'aikata bai san namiji ko mace ba, zato ne ke yin zaɓe. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari ba mai sayen sa sai ya duba haƙoransa da tafiyarsa. Abin kunya ne a ƙwaƙƙwafi dabba haka, a duba uwar 'ya'ya sama-sama.

Gyaran ba shi da tsada. Malamin asibiti ya bar ta ta faɗi ciwonta da bakinta, ya auna hawan jini da bugun zuciya, ya tambayi yaushe ta haihu. Maigida kuma ya bar izini a gida tun kafin ya yi tafiya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabta alamun nan, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.